Hayaƙin da Rana Ke Dafawa

Jiya da azahar ina durƙushe bakin shataletale ina facin taya, hawaye na zuba sharɓe-sharɓe, sai wata baiwar Allah ta tsaya ta ce, "Baba, sai haƙuri, wa ya rasu?" Na ce mata kowa lafiya, iskar da muke shaƙa ce kawai take jinya.

Ni dai idona ne, da sauƙi. Jikata kuwa mai shekara shida, kullum ta dawo daga makaranta ƙirjinta na kuka kamar tsohon zugazugi.

Na kai ƙorafi wurin maƙwabcina, tsohon malamin kimiyya. Ya ce, "Mai faci, girki ne ake yi a samanmu. Da safe motoci da janareto su tura hayaƙi, tururin fetur ya bi su. In rana ta take, iska kuma ta tsaya cik, hasken ranar ya dafa su tare, su rikiɗe su zama wata guba daban, mai yaji a ido da maƙogwaro. Shi ne wannan jan hazon da kake gani bayan azahar."

Na ce, "To, malam, a kashe rana ko a rage hayaƙi?"

Ya ce, "Wanda ya fi sauƙi."

Ashe kukanmu ya kai sama. Makon jiya sai ga Ranka-ya-daɗe Uban Masu Tausayi ya zo buɗe na'urar auna iska. Motoci goma sha huɗu na ƙirga. Awa biyu yana jawabi, babu direban da ya kashe inji, kada sanyin cikin mota ya gudu. Na'urar kuwa janareto aka tayar mata, aka girke shi a gindinta. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta nuna ja, aka tafa, aka kashe ta, wai kada ta gaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma su rufinsu ko raɓa ba ta taɓa shi.

A ranar kuwa, jikata a asibiti ta wuni, an ɗaura mata robar numfashi. An sallamo ta, alhamdu lillahi, da sharaɗin ta guji hayaƙi. Uwarta ta tambayi likita ta wace hanya, ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Yau kuma sanarwa ta fito: daga azahar zuwa la'asar kowa ya zauna a wurin aikinsa, ya rufe taga. Madalla da wannan hikima. Ina nan ina cigiyar taga, in Allah ya hore sai in nemo bangon da zan liƙa ta.