Wayar Maitama Mai Tsinke

Maitama na Tsiga yana da wata ɗabi'a da kowa a unguwarsu ya sani. Duk wanda ya kira wayarsa sai ya yi masa cikakkiyar sallama, ko da kuwa muryar macen nan ce ta na'ura mai tallar waƙoƙi. Zai saurara har ta gama, ya ce mata madalla, sannan ya mayar da wayar tagar zaure inda sabis ya fi zama. Tsohuwar waya ce mai faɗin tafin hannu, irin wadda ake taɓa fuskarta da ɗan tsinke. Tsinken ya ɓace tuntuni, ya maye gurbinsa da ƙayar beguwa. Batirin kuwa ya kumbura har murfin baya ya ƙi rufuwa sai an ɗaure da roba.

Yara kan yi dariya. Manya ba su yi, don sun san tun daminar bara waccan, ranar da aka tare motar masara a hanyar Dandume aka shiga daji da ɗansa Ummaru, ba a sake jin labarinsa ba. Lambar wannan wayar ita ce Ummaru ya haddace.

Wata rana da hantsi Maitama yana zaune a zaure yana murje masarar iri a faifai, sai ga mai babur ya sauke Zaituna daga Funtua, riƙe da leda mai kwali a ciki. 'Yar kawunsa ce, abokiyar wasansa tun suna yara. Tun daga bakin ƙofa ta fara amsa gaisuwar da bai gama yi ba.

"Lafiya lau, in lafiyar kake tambaya. In kuma tsaraba kake leƙe, tashi ka karɓi kayan uwargijiyarka, bawa."

"Wa nake ji kamar Zaituna? Ashe mai babur ya yarda ya ɗauko ki. Allah ya saka masa, ya mayar masa da tayarsa."

"Ni da na zauna kamar gashin kaza? Kai ne aka ɗora a jaki ranar sunan Hajo, jakin ya durƙusa yana neman gafara."

"Jakin kawu ne. Yunwar gidanku ce ta kayar da shi."

"Gidan da ka yi wannan wuyan da tuwonsa? Gwaggo ta fita daga gidanmu mutum ɗaya, ta dawo mana da ciki biyu, nata da naka."

"Zauna dai kafin tabarmar ta gane ki ta gudu."

Ta zauna, ta ajiye ledar tsakaninsu, ta ɗaga kai tana duban taga.

"Ashe ba a binne gawar ba."

"Wace gawa?"

"Waccan da ka ɗaure da roba kamar kazar da za a kai kasuwa."

"Ki iya bakinki. Wannan wayar ta girmi haƙoranki na gaba."

"Haƙorana nawa ne."

"Na ji an ce naki ne, tunda ke kika sayo su a Zariya."

Zaituna ta yi tsaki, amma sai da ta rufe baki da gefen mayafi.

"Kai dai ku 'yan tsinke ba ku da magani. Ina tuna ku a rumfar auduga a Funtua, kai da Alhaji Mannir mijina da su Awaisu, kowa ya sunkuya yana tsokanar gilashi kamar masu cire ƙaya a ƙafa. Wai ku ne masu kwamfuta a aljihu. Alhaji ya riga mu gidan gaskiya. Awaisu ya koma wayar shafawa. Malam Sadiq ido ya tafi. Saura kai kaɗai, sarkin da ba shi da talaka ko ɗaya."

"Alhaji ne ya koya mini ita. Mutum ne mai haƙuri. Wanda ya zauna da ke shekarun nan, waya mai tsinke ai hutu ce gare shi."

"Bar Alhaji ya huta. Maganarka na zo yi. Naja'atu ta ce mini shekaranjiya ta kira ka, kuna tsakiyar gaisuwa abin ya ɗauke."

"Wayar ce ta gaji da muryar 'yarki. Ta gaji uwarta."

"Batirin ya mutu, Maitama."

Maitama ya ɗauki wata zangarniyar masara ya ci gaba da murzawa. Shi ma ya sani. Tun farkon kaka wayar kan mutu da ta yi ƙara kaɗan, kuma masu gyara na Funtua da Malumfashi duk sun juya batirin a hannu sun yi dariya, sun ce an daina kawo irinsa tun suna firamare.

Zaituna ta zaro kwalin, ta buɗe. Sabuwar waya ce baƙa, sumul, ba maɓalli ko ɗaya a fuskarta.

"Ga ta. Na 'yanta ka daga bauta yau."

"Wannan madubi ne ko faranti?"

"Waya ce ta mutanen da suka waye. Na sa tsohon layina a ciki don gwaji. Riƙe, zan kira ka. In ta yi ƙara ka shafa koren nan zuwa sama."

"In shafa? Ni ko jikana ban shafa haka ba."

"Shafa dai, baƙauye."

Ta kira. Wayar ta ɗauki kiɗa a hannunsa. Ya ɗora babban yatsa ya ja. Ba abin da ya motsa. Ya sake ja, ya danna da ƙarfi, ya goge yatsan a riga ya sake. Fatar yatsan ta yi kanta da ƙotar fartanya har gilashin bai san an taɓa shi ba. Ya lalubo ƙayar beguwa daga bayan kunne.

"Kai! Kada ka soke mini waya!"

Kiɗan ya yanke.

"Ka gani? Ko waya ta san hannun bawa."

Maitama ya daɗe yana duban baƙin gilashin.

"Da wani ne ya samu aron waya na ɗan lokaci fa?" ya ce a hankali.

Zaituna ta gyara zama. Ta yi sauri ta cike wurin da magana.

"Za ka koya. Ko akuya aka ba ta sati za ta iya. Kuma ba ka ji babban abin ba. Na sa mai shago ya toshe maka duk 'yan damun nan. Masu cewa ka ci kyautar mota, masu maganin basir, masu labarin ƙwallo, masu waƙa. Duk lambar da ba ka ajiye ba, ba za ta shigo ba."

"Baƙuwar lamba ba ta shiga?"

"Ko ɗaya. Sai wanda ka sani."

"To mayar da ita kwalinta."

Sai a lokacin ta ji abin da ta faɗa. Wanda ke cikin daji ba da lambar da aka sani zai kira ba. Ta mayar da wayar, ta daɗe tana gyara bakin kwalin da ba ya bukatar gyara.

"Shi ke nan, ka ci wannan. Amma akwai 'yar rakani-kashi mai maɓallai da tocila, daidai da irinku. Batirinta sai ta yi sati. A cire layinka a sa mata, ba a toshe kowa ba. Yanzu me za ka ce?"

"Ni Maitama in riƙe rakani-kashi? Mutumin da ya san farashin auduga na Kano kafin motar Kano ta iso?"

"Wace audugar? Yanzu ko ta katifa ba ka da ita."

"Ƙaramar waya ta masu ƙaramin kai ce. Ki saya wa kanki."

"Ba ka da hujja, taurin kai ne irin na dangin ubanka. Faɗa mini abu ɗaya da wannan gawar ke yi wanda sabuwa ba za ta..."

Daga taga wata murya ta katse ta, muryar saurayi, a shaƙe saboda tsufan lasifika.

"Baba, ɗauki waya mana! Baba, ana ki..."

Maitama ya riga ya miƙe, faifan ya kife, masara ta watse. Ya danna koren maɓalli ya kai kunne.

"Salamu alaikum."

Har inda Zaituna take zaune tana jin muryar macen, mai zaƙi, ba numfashi, tana cewa ya danna ɗaya don samun sababbin waƙoƙi. Yana tsaye yana saurare har wayar ta ɗauke da kanta, fuskarta ta yi baƙi. Ya ce madalla duk da haka. Ya dawo ya zauna, ya fara tsince masarar daga tabarma.

Zaituna ba ta taɓa ji ba. Rabonta da zauren tun zaman jaje.

"Ummaru ne," ta ce.

"Shi ya naɗi muryarsa a ciki. Wai ba na jin ƙararta in ina wurin injin casa." Ya watsa 'yan ƙwayoyi a faifai. "Mai gyara ya ce muryar ba ta kwasuwa zuwa wata waya. Ramin igiyar haɗa ta da kwamfuta ya mutu, igiyar ma babu irinta. Ni kuma ban san inda ya ɓoye ta a ciki ba. Ina tsoron in tsokana in goge."

"Shi ya sa ka ƙi a toshe matan kamfani." Ta ja hanci, ta ɗaga murya. "Ashe budurwa ka yi a can, tsohon banza. Ni ina Funtua ina tausayinka."

"Sun fi ki zumunci. Su kullum sai sun kira. Ke sai Sallah, ita ma in an yanka rago."

"Ragon naka da ake gani ta cikinsa?"

"Da aka daina zuwa jaje, su kaɗai suka ci gaba da nemana. Ko jiya an ce na ci mota."

"Ina take?"

"Tana hanya. Ita ma ta hanyar Dandume ta biyo."

Ba wanda ya yi dariya. Wata kaza ta leƙo zauren, ta tsinci masara biyu, ba wanda ya kore ta.

"A ƙarshen muryar nan Ummaru yana dariya," in ji Maitama. "Bayan ya ce ana kira, sai ya tuntsire. Na daɗe ban kai wurin ba. Ba na iya bari ta yi ta ƙara, kada mai kiran ya gaji."

Zaituna ta jawo jakarta ta ɗora a cinya, ta riƙe da hannu biyu. Maitama ya dubi jakar, ya kau da kai.

"Me kake kallo?"

"Ba komai. Ina dai mamakin mai zagin gawar wani, ga tata naɗe a kallabi tana yawo da ita gari gari."

"Wa ya faɗa maka?"

"Naja'atu ta gaji bakinki, na ce miki. Har da cajin da ake yi mata duk Juma'a."

"Munafukai, kai da ita."

Ta zuge jakar. Ta warware wani tsohon kallabi, sai ga wayar Alhaji Mannir, irin ta Maitama sak, sai dai ita tsinkenta na nan a raminsa, murfinta lafiya. Ta kunna. Fuskar ta kawo haske, ga hoton Alhaji da hularsa a karkace gaban tulin auduga. Ta dube shi har hasken ya fara dushewa, sannan ta kashe, ta sa farce ta ɓalle murfin, ta ciro batirin.

"Zaituna, ban roƙe ki ba."

"Bawa ba ya roƙo, ba shi ake yi. Miƙo gawar."

"In kika ba ni shi, taki ba za ta sake tashi ba."

"Alhaji dai na san inda yake. Ba zai kira ba."

Ya miƙa mata. Ta kwance robar ta wurga masa a cinya, ta fitar da kumburarren batirin, ta sa na Alhaji. Murfin ya rufe da ɗan ƙas, karon farko tun bara. Wayar ta tashi. Nan take saƙonni suka fara shigowa a jere, na mota, na basir, na ƙwallo, har ta nuna akwatin saƙo ya cika.

"Ga 'yan matanka sun yi kewarka."

"Sai na share su. In ya cika, wani saƙon ba ya samun wuri." Ya ciro ƙayar beguwa. "Tsinken Alhaji fa? Tunda kin fara alheri."

"Ji ɓarawo! An ba ka batir kana neman gado. Ka mutu da ƙayarka."

Ta naɗe wayar Alhaji a kallabin, ta miƙe, ta ɗauki ledarta. Dariyar da ta yi gajeriya ce, ta ƙare da goge ido.

"Ka ci, jikan masu taurin kai. Zan shiga ciki in gaida mutanen gida. In ka ga sunana a wayar nan kada ka ɗauka. Na gaji da muryarka."

Ta shige. Maitama ya sunkuya yana share saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ya goge na mota, ya goge na ƙwallo. Yana kan na basir wayar ta yi motsi a hannunsa.

"Baba, ɗauki waya mana!"

Babban yatsansa ya riga ya kai kan koren maɓalli kafin ya ga sunan da ke fuskar: Uwar Surutu. Ya janye yatsan. Ya ɗora wayar a gwiwa, ƙayar beguwa a hannu, sauran saƙonnin na nan ba a share ba, masarar iri a watse a tabarma. Ummaru ya ce ana kira, sannan ya tuntsire da dariya.