Harshen Jatau da Bangon Gidan Madugu

Wani mutum ne a unguwarmu, Jatau sunansa. Amma a bayan idonsa Na-Sani muke ce masa. Bawan Allahn nan ko labarin haihuwarka ka ɗauko, sai ya gyara maka rana. Sau ɗaya tak aka tura shi birni taron bita na kwana uku kan adana kayan tarihi, biyu a ciki ma barci ya sha, amma da ya dawo muka shiga uku. Ko ƙwarya ya gani a kan mai fura sai ya faɗi shekarunta.

To, akwai Gidan Madugu, tsohon soron nan na bakin kasuwa, mai rufin azara da zanen dagi a bangon zaure. Ƙungiyar raya tarihin gari ta ce za ta mai da shi wurin koya wa matasa gyaran ginin ƙasa da zanensa, kuma mutum ɗaya za a danƙa wa makulli da koyarwar. Kowa ya san wanda ya cancanta: Baba Ɗanjuma magini, da ya shekara arba'in yana yaɓe gidan kafin kowace damina, ba wanda ya sa shi. Sai dai Baba ba shi da baki. Jatau kuwa bakin ne kawai.

Shugabar ƙungiyar, Malama Tabawa, ta ce ranar Asabar da hantsi za ta zo da ɗalibai, kowane ɗayansu ya nuna abin da ya iya. Jatau ya lallaɓa wurin tsoho.

"Baba, an ɗaga zuwan nan sai Lahadi."

"To madalla," in ji Baba. "Dama akwai inda ya zube a zauren, ka ga na samu sararin gyarawa."

Jatau ko ƙarshen maganar bai tsaya ji ba, ya yi gaba yana murmushi. Ya manta an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ranar Asabar ina wurin, na je kallo. Sai ga gogan naku cikin farar babbar riga ƙal, ta sha bugu, hula ta karkace, ga tabarau wanda ba likitan da ya rubuta masa.

"Ina Baba Ɗanjuma?" in ji Malama Tabawa.

"Ayya Malama, tsufa! Tsoron tambaya ya ji. Ai ilimin zamani ba wasa ba ne."

Wallahi raina ya ɓaci, don na san tsohon nan ba ya saɓa alkawari.

Muka shiga zaure, wuri da duhu-duhu. Jatau ya gyara murya.

"Ku buɗe littattafanku! Masanan ƙasashen waje sai sun kankari bango sun kai ɗakin gwaji kafin su san shekarunsa. Ni kuwa harshena ne na'ura."

Ya ƙwanƙwasa bangon gabas, ƙwas ƙwas, ya zaro harshe ya lasa.

"Shekara ɗari da sittin. Ku rubuta!"

Suka rubuta. Ya juya bangon yamma, inda wani zanen dagi ya fito raɗau, ya fi duk sauran kyau. Ya lasa. Ya lumshe ido. Ya sake lasa, har da tanɗe baki.

"Allahu akbar! Wannan shi ne uban gidan. Shekara ɗari uku cif!"

Malama Tabawa ta matso tana shinshina. "Malam Jatau, ni kamar danshi nake gani. Ga kuma wani ɗan wari."

"Sanyin tarihi ne, Malama. Warin kuwa ƙamshi ne, sai mai ilimi ke gane shi. Mutanen da, da zuma da gishirin Bilma suke kwaɓa ƙasarsu. Ga zaƙin nan har yanzu a harshena." Ya ƙara lasa don ta gani. "Irin wannan hannun ya ƙare a duniya. Maginan yanzu, irin su Ɗanjuma, ko a mafarki ba za su zana shi ba. Ga ƙarfi! Ko igwa aka harba masa, ko gezau."

Ya ɗaga hannu ya jingina da bangon da dukkan ƙarfinsa.

Laɓ!

Gwiwar hannunsa ta nutse har kafaɗa. Ya yunƙura zai tsaya, ɗaya hannun ma ya shige, caɓal! Hula ta yi nata wuri. Da ya fizgo kansa, rabin dagin ya biyo farar riga.

Sai muka ji sallama. Baba Ɗanjuma ne, kwandon kwaɓaɓɓiyar ƙasa a ka, ya ɗaure jakinsa a ƙofa. Ya dubi bango, ya dubi Jatau.

"Subhanallahi! Wa ya ɓata min aiki?"

"Aikinka ne wannan, Baba?" in ji Malama Tabawa. "Yaushe ka yi shi?"

"Ɗazu bayan asuba, 'yata. Jatau ya ce min sai gobe za ku zo."

Ta juya ta yi wa Jatau wani kallo. Ta buɗe jaka, ta ciro makullin gidan ta sa a hannun tsoho. Sannan ta ce, "Baba, fara koya mana yanzu. Da me kake kwaɓa ƙasar? An ce mana da zuma."

"Zuma?" Baba ya riƙe baki. "Jar ƙasa ce da ciyawa, sai kashin jaki. Kwana uku nake bari ya ruɓa, shi ke hana ta tsagewa."

Jatau ya fara tofar da yawu, tuf, tuf, yana goge harshe da hannun riga, rigar kuma duk abin ne. Ɗalibai suka faɗi ƙasa don dariya. Wata a cikinsu ta ce, "Baba, ai sau uku ya lasa, ya ce shekararsa ɗari uku!"

Baba ya leƙa ƙofa, daidai lokacin da jakin ya kece da kuka. Ya girgiza kai.

"Ɗari uku kuma? Haba Jatau! Mai kashin ma ga shi can a ɗaure, bana ya cika shekara huɗu."