Gaisuwar Suruki Daga Sama

Wani Bature a Maitama zai koma ƙasarsu, ya bar min tsohon kekensa. Tayar gaba ta kai min kafaɗa, ta baya kuwa kamar faranti. Na cika baki a ofis cewa ranar Asabar a kansa zan tafi har gidana a Gwarinpa.

Maigadi ya riƙe min, na haye. Tafiya ta yi daɗi, direbobi na ta danna hon, ina ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Ina shiga layinmu na hango surukina zaune a ƙofar gida, ya zo daga Zariya. Mutumin da ko a tsaye ban taɓa gaisarwa ba! Nan na tuna ban tambayi yadda ake sauka ba.

Na wuce shi ina cewa, "Baba, sannu da zuwa!" Na kewayo, "Ya hanya?" Na sake kewayowa, "Ya su Hajiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. In ka sauko ma gaisa."

Kwata ce ta sauke ni.

Har yau in na durƙusa gabansa, sai ya ɗaga kai sama, ya tambayi matata, "Mijin naki bai iso ba?"