Lambar Da Na Ƙi Bari A Gangara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe tsaye a buron lakol, wato ofishin makarantarmu ta Gangara, gaban malamai shida da kwanon dambu, na dafa ƙirji na ce ina da masoyi ba. Har yau in na tuna sai na ja gyale na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A shekarar da sojoji ke shirin maida mulki ga farar hula aka tura ni koyarwa can. Na isa da akwati ɗaya na tufafi da kwali guda cike da littattafan soyayya na bakin kasuwa. (Kwalin ya fi akwatin nauyi. Mai amalanken da ya ɗauko ni daga tasha sai da ya tambaya ko dutsen niƙa na taho da shi.) A cikinsu na yi karatun duniya. Na iya sunkuyar da kai, na iya wasa da gefen mayafi, na kuma san cewa masoyin gaskiya ba ya saurin magana. Abin da ya rage ban sani ba, shi ne duk sauran.

Malaman lakol ɗin suna cikin wani tsari na kamfanin salula da ake kira fulot. Layuka ne da aka yanka tare da sunan lakol, ku yi ta kiran junanku yadda kuka ga dama, yarjejeniyar kuma ta shekara guda ce. Layin ba naka ba ne, na kujerarka ne. In aka sauya maka wurin aiki, sai ka ajiye shi ga wanda ya gaje ka. Ni ma haka na gaji layin wata Madam da ta tashi, na gaji ɗakinta da ke bayan lakol, har da ƙusar da take rataya madubi.

Bayan kaka, aka turo wani saurayi rajistar masu zaɓe. Dogo, da tabarau, da jar moto mai ƙafa biyu. Ya rubuta sunana, ya tambayi lambata saboda aiki, ya ce an gode, ya tafi. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Kwana biyu bayan haka, mun tashi hutun rana ina kishingiɗe, salulata ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Bif, daga lambar da ban sani ba. Kashegari da azahar, haka. Jibi ma haka.

To, wane ne zai yi wannan in ba mai tabarau ba? Kunya ce ta hana shi magana, ni kuwa na fahimta. Kira dai ban yi ba, don a duk littattafaina ba a taɓa samun yarinya mai aji ta fara kira ba. Amma rubutu ai adabi ne. Na fara da "wane ne?", ba amsa. Shirun nan ya ƙara tabbatar mini da zurfinsa. Kafin mako biyu na kai matakin rubuta: "Ya kai ma'abocin shiru, ƙararka ɗaya ta fi mini zance dubu. Kullum ina jiran isowarka kamar yadda gero ke jiran ruwan fari." (Na'am, ni na rubuta. Har na kwafe shi a bayan littafin darasi don kada ya ɓata wa tarihi.)

Abu ɗaya ne ke ɓata mini lokacin. Kullum aka yi bif ɗin, ina cikin zaɓen kalmomi, sai wata dattijuwar Bafullatana mai tallan nono, Inna Dije, ta zo ta tsaya bakin ƙofata da ƙwaryarta tana mini murmushi kamar ta haife ni. Ni kuwa ko ɗaga kai ba na yi sosai, sai in ce, "Inna, a kai kasuwa." Ta ɗan jima tana kallona, ta juya ta tafi.

Daraktanmu, Mushe Hamidu (Mushe muke kiran malami namiji), dattijo ne mai furfura, mai kara, sa'an babana. Duk wanda saƙo ya shigo wa salula a garin kuma bai iya karatu ba, wurinsa yake kaiwa. Wata rana ya tare ni a farfajiya ya ce alƙalamina yana da kaifi, in riƙa sa ɗalibai rubutun wasiƙa. Na ji daɗi, ban tambayi inda ya ga alƙalamin nawa ba. Wata rana kuma ya tambaye ni ko ina shan nono, wai yana da amfani ga mai yawan tunani. Na ce cikina ba ya so. Ya wuce abinsa.

Ana haka sai takardar sauyin wurin aiki ta fito, an maida ni Gidan Rumji kusa da innata, abin da na daɗe ina roƙo. Kowa na mini barka, ni kuwa hankalina na kan layin. In na ajiye layin, gobe da azahar wani ƙaton Mushe ne zai karɓi bif ɗina. Mai tabarau ba shi da wata hanya zuwa gare ni sai lambar nan. Na bincika, aka ce akwai mafita ɗaya: darakta ya rubuta takarda ya buga hatimi cewa ya sake wannan layi daga fulot tun wa'adi bai cika ba, in kai ta buron kamfanin a Maradi da katin shaidata, a maida lambar da sunana.

Sau biyu ina samun Mushe Hamidu da maganar. Na farko ya ce hatimi ya bushe. Na biyu ya dube ni da tausayi ya ce, "Ɗiyata, sabon wuri, sabuwar lamba. Ki bar wannan ta huta." Na fito ina cewa a raina, ga shi nan, kowane labari da azzalumin da ke raba masoya.

Ranar sallama, malamai suka haɗa mini walima a buro lokacin hutun rana. Madam Rakiya, abokiyar aikina mai bakin tsiya, ita ta dafa dambu da zogale. Aka ci, aka yi addu'a, aka ce in yi jawabi. Maimakon godiya, sai na miƙe na ce ina roƙon darakta gaban shaidu ya sakar mini layina, domin akwai wani bawan Allah da rayuwarsa ke rataye da lambar nan, wanda bai taɓa fashin tunawa da ni ba ko rana ɗaya. Mushe Hamidu ya cire hula, ya shafa kai, ya maida.

Sai ga bif.

Na ɗaga salula sama kamar wadda ta ci zaɓe. Madam Rakiya ta ce to in dai namiji ne a ji muryarsa, yau aji ya tafi hutu. Kafin in ankara ta fizge ta danna kira.

Wata ƙara ta tashi a bayan taga. Muka juya gaba ɗaya. Inna Dije ce tsaye da ƙwarya a ka, tana kwance bakin zanenta tana laluben wata 'yar salula da aka ɗaure da roba. Ta kara a kunne ta yi sallama, muryarta ta fito ta taga, ta kuma fito daga hannun Madam Rakiya.

Ashe Madam ɗin da na gada ce ta koya mata: in ta shigo gari da nono, ta danna koren maɓalli sau biyu, a fito da kwano. Da damina su Inna suna arewa da shanu, bayan kaka suka dawo, ta ci gaba da aikinta. An ce mata layi da ɗaki suna hannun sabuwar Madam, shi ke nan. Ranar ta je ɗakina ba ta same ni ba, shi ne ta biyo lakol, don saƙon da na aika jiya ya fi na kullum tsawo. (Na ban kwana ne. Akwai hawaye a ciki, akwai wata, akwai tantabaru biyu.) Ta miƙo salular ta taga ta ce, "Mushe, karanta mini na jiya. Yarinyar nan a takarda ba wanda ya kai ta so na, a bakin ƙofa kuwa ko kallo ban ishe ta ba."

A nan na nemi kujera na zauna. Wata biyu cur, duk abin da na rubuta wa ma'abocin shiru, Mushe Hamidu ne ke karanta shi, da tabaransa a kan hanci, ga lambata da ya sani a samansa. Dattijo ba ya iya duban ɗiyar cikinsa ya ce mata na ga wasiƙunki. Shi ya sa ya bi ta hatimi, ya bi ta shan nono, ni kuwa kunnen ƙashi.

Ya karɓi salular, ya gyara murya, ya daɗe yana duban tantabaruna. Sannan ya ce, "Ta ce tana gaishe ki, za ta yi tafiya, Allah ya sa albarka a shanu." Inna Dije ta ce amin, ai kullum haka take cewa, yarinyar kirki.

Madam Rakiya ce ta fara faɗuwa daga kujera. Sauran suka biyo baya, wani Mushe har da sarƙewa da dambu. Na yi niyyar kuka, sai na ji dariya ce ke fitowa, na bar ta ta fito har da hawayenta. Na fita na durƙusa na gaida Inna Dije, na saye nonon ƙwaryar gaba ɗaya, aka dama fura aka sha. Wai cikina ba ya so. Ludayi tara na yi.

Da za mu watse, Mushe Hamidu ya jawo takarda ya rubuta, ya buga hatimin da ya bushe, ya fito raɗau. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce layin da ya sha wannan wahala ya cancanci ya bi mai shi. Na kai Maradi, aka maida lambar da sunana, ita ce a hannuna har yau. Aka sa wa Inna Dije lambar sabon malami, amma ba ta yarda an goge tawa ba. Shekaru da dama, in sun dawo bayan kaka, sai in ji bif da azahar, in kira mu gaisa, ta ba ni labarin shanu ɗaya bayan ɗaya. Mai tabarau kuwa ban sake ganin ko ƙurar motonsa ba.

Tun daga ranar na riƙe abu guda: in aka yi miki bif, kafin ki ɗauko wata da tantabaru, leƙa bakin ƙofa. Mutumin da nake aure yanzu ma da bif ya fara. Ban bari ta huce ba na kira shi na ce, "Malam, wane ne, kuma me kake saidawa?"