Rasuwar Ɗan Asuba, Mai Tada Babbar Na'ura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Kaltum, sakatariyar ƙungiyar manoman tattasai ta Diffa, nake sanar da rasuwar Ɗan Asuba, ɗan ƙaramin furogiram ɗin da ya shekara takwas yana tada babbar na'urar kwamfuta ta bironmu, wato ofishinmu. Ya cika ranar Talata da hantsi.

Mijina, marigayi Halilu, shi ya rubuta shi da hannunsa, shekarar da muka baro Baroua da kayan jikinmu. Aikinsa ɗaya ne: ya harhaɗa abin da na'ura ke buƙata kafin ta farka. Duk sanda aka ɗauke wuta aka maido, sai ka ji "ƙit, ƙit, tiii", sannan rubutu ya fito: "Kaltum, an tashi lafiya?" Shekara uku ke nan da binne Halilu, amma gaisuwar ba ta taɓa fashi ba.

Ɗan Asuba bai da girman kai. Ya jure zafin bazara, ya jure rairayi, bai taɓa neman a yabe shi ba. Manoma da yawa ba su ma san da shi ba.

Ashe yana da wani ɗan'uwa, furogiram ne shi ma, da Ɗan Asuba yake jingina da shi, aikin wasu mutane na nesa da ba mu san fuskarsu ba. Suka cire shi daga sabon zubi, wai ba mai amfani da shi kuma. Ba wanda ya tambaye mu. Ranar Litinin Malam Abbakar mai gyara ya sabunta na'ura da kyakkyawar niyya. Ɗan Asuba ya nemi ɗan'uwansa, bai same shi ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Da wuta ta tafi ta dawo washegari, na zauna ina jira. Shiru.

Malam Abbakar ya kwana biyu yana fama, sannan ya cire tabarau ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Zan rubuta wani, amma ba zai zama wannan ba."

Ɗan Asuba ya rasu ya bar babbar na'ura kwance ba ta motsi, da injin buga takarda, da sunayen manoma ɗari huɗu da goma sha biyu, daga Chétimari har Assaga, kowa da ranar da zai ja ruwa daga kogin Komadugu. Duk suna ciki a kulle, ga shuka ta fara fure.

Za a kwashe gawar a ƴar kile, wato filashin ajiye bayanai, a naɗe da farin ƙyalle, a sa a akwatina ranar Juma'a bayan la'asar. Zaman makoki a ƙofar biro ne, kwana uku. Ina roƙo kada kowa ya ɗora wa Malam Abbakar laifi. Mai zuwa gaisuwa ya zo da sunan gonarsa da ranar ruwansa. Zai same ni bisa tabarma da sabon littafi, ina rubutawa da hannu.