Yadda Za Ka Sallami Marasa Lafiya Sittin Ba Tare da Ka Ɗaga Kai Ba

Kai likitan ƙaramin asibiti, mai tarar da layi tun kafin ka ajiye jaka, matso kusa. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba: ka bi ta, ka sallami mutum sittin kafin ƙarfe huɗu, ka tashi da sauran numfashinka. Na koye ta wurin gwanin da abokan aikinsa ke kira Minti-Shida, don ba wanda ya taɓa wuce haka a kujerarsa. Ba mugunta ta sa ya ƙirƙiro ta ba. Mako biyar mahaifiyarsa na kira ya zo ya duba mata gwiwa, kullum amsarsa ɗaya: "Inna, da na gama layi ina nan tafe." Layi kuwa ba ya ƙarewa, sai dai ya kwana.

Mataki na 1: Ciwo ɗaya, zuwa ɗaya

Rubuta da manyan baƙaƙe, ka manna a ƙofa. Mutum zai zo maka da ciwon kai, da na baya, da tarin matarsa wadda ba ta ma zo ba. Ce masa ya zaɓi babban, sauran su yi haƙuri. Wani tela ya taɓa cewa, "Likita, ai duk tare suke taso mini." Minti-Shida ya ce, "To, ka ce musu su riƙa shigowa ɗaya-ɗaya."

Mataki na 2: Gyara kujera

Wato ka ɓata ta. Nemo mai ƙafa ɗaya gajera. Wanda ke fama kada ya kife ba zai fara ba ka labarin ciwonsa daga shekarar da ya bar makaranta ba.

Mataki na 3: Riƙe mai ba da kati hannu bibbiyu

Ita ce katangarka. Waya biyu na kuka a gabanta, jama'a na harararta, ita kuwa bakinta bai gajiya da "Likita yana tare da wani." Gaishe ta kullum, ka tambayi yara. Bincike ya tabbatar (ni na yi shi, a tsaye) cewa ranar da ta ji haushinka, mai ciwo bakwai za ta fara turo maka.

Mataki na 4: Kada ka ɗaga kai

Nan gwanintar take. Kira da lamba, ba da suna ba. Idonka a kan kwamfuta, yatsunka na aiki, ka riƙa cewa "uhm" lokaci-lokaci. Da zarar kun haɗa ido, shi ke nan, sai gaisuwa ta shigo, gaisuwa kuma ita kaɗai minti huɗu ce.

Mataki na 5: Tsare bakin ƙofa

Duk likita ya san wannan masifa. An gama, an karɓi takardar magani, hannu ya kama ƙofa, sai ka ji, "Af, likita, na manta..." Abin da ya kawo mutum ke nan tun farko, kunya ta hana shi faɗa. Riga shi: danna ƙararrawa, na gaba ya turo ƙofar da shi. Idan zuciyarka ta yi maka ba daɗi, sha ruwa, zai wuce.

Mataki na 6: Yi hattara da mai shiru

Wata Talata Minti-Shida ya kira lamba arba'in da bakwai. Aka shigo ana jan ƙafa, kujera ta yi ƙara.

"Sannu, Hajiya. Ciwo ɗaya. Ina jin ki."

Shiru.

"Hajiya, mutum goma sha uku na jira a waje."

"Na sani, Auta. Tun ƙarfe bakwai nake zaune da su."

Ya ɗaga kai. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Inna! Me ya sa ba ki ce ke ce ba?"

"Na ce wa yarinyar nan mai ba da kati ta yi shiru. Ba layi ne ke hana ka zuwa ba? Shi ne na shigo cikinsa."

Ya durƙusa a gabanta. Gwiwar ta kumbura, da zafi rau. Ya duba ta a tsanake, ya rubuta magani, ya ce, "Sai ina kuma?"

"A'a, na karanta takardarka ta jikin ƙofa. Ciwo ɗaya, zuwa ɗaya." Ta dafa teburin ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo, shi kuwa hannunsa bai je kan ƙararrawa ba.

"Af, na manta. Saura ciwo shida. Na sa a rubuta ni duk Talata. Ka canza kujerar nan kafin na dawo."

Gargaɗi

Marubucin nan ba likita ba ne, ko allura ba ya iya kallo. Idan layi ya ƙaru, ko tela ya dawo da ciwonsa duka a jere, ba ruwana. Idan kuma ka ɗaga kai ka ga tsohuwarka riƙe da lamba, kada ka neme ni. Ni cewa na yi kada ka ɗaga.