Mai Doro Ta Rasu a Gidan Bugu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu biyu da suka rasa abin riƙewa, ni Hudu mai cin wuya, wato ɗinkin adon babbar riga, mazaunin Magarya, ina sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa sa babbar rigar da ta bi ta hannuna daga Waca har Dungas, cewa allurata, wadda aka fi sani da Mai Doro, ta riga mu gidan gaskiya. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, cikin goman ƙarshe na azumin bana, a gidan bugu na Sambo. Ba ta kwanta jinya ba, ba ta yi sallama da kowa ba. Maƙwabcina Mushe Usumanu, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya riƙe alƙalamin wannan sanarwa, ni baki kawai na bayar. In kun ji ƙamshin dariya a wani wuri, tasa ce, ba tawa ba.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayiya, ko garin da aka ƙera ta. Ni dai a Dogo-Dogo na same ta, wurin maigidana Malam Mohamman, wanda ya koya mini aikin wuya da aljihun riga tun gemuna bai fito ba. Ranar da ya yaye ni bai tsaya doguwar nasiha ba. Ya zare ta daga hularsa, ya soke ta a tawa, ya ce, "Tashi ka tafi. In ka yar da ita, kada ka gaishe ni a hanya." Tun a lokacin tana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, daidai inda babban yatsansa ya daɗe yana dannawa, dalilin sunanta ke nan. Da ƙuruciya na so in miƙar da ita a kan dutse, Allah ya sa lalaci ya hana ni.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta kuma san girman kai ba. Ta yi wa masu awon gyaɗa aiki lokacin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke layi a bakin kasuwa, ta yi wa angon ƙauye wanda rigar nan ita kaɗai zai mallaka har tsufa, kuma duk ɗinki ɗaya ta yi musu. Kafarta ta sha zare har ta yi sulɓi, ta yadda zaren tsamiya, da ba ya jure wahala, yake ratsa ta ba ya ko tsagewa. Ta ɗinka zanen aska biyu a ƙirjin riga, ta ɗinka aska takwas, ta zagaye tambari a bayan riguna ba iyaka, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Magana biyu gare ta a duniya: ƙis, in ta shiga ƙyalle, suuu, in zare ya biyo ta. Matata Huraira, Allah ya jiƙanta, daga madafa take sauraron su, ta gane ko raina a ɓace yake ko a'a, tun kafin ta kawo mini fura.

Ba zan ɓoye halinta ba don ta mutu. Tana da son ɓuya cikin tabarma, kuma in hankalina ya tafi wani wuri ba ta jin kunyar tuna mini da jini. Dattawan kasuwa ba su manta ranar da ta faɗa cikin rairayi ba, na ari rariya wurin mai tuwo, na durƙusa ina tankaɗe ƙasa da rana tsaka, masu jakuna suna kewaye ni suna tambaya ko zinariya na binne. Na same ta wajen la'asar. Har yau akwai masu kirana mai tankaɗe, ban taɓa jin haushi ba.

Babban alherinta gare ni ya zo ne da tsufa. Bayan shekarun fari, yanar ido ta fara sauka a idanuna, har na kai ba na rarrabe zanen alli a kan baƙin saƙi. Mutane suka ɗauka na gama. Ashe Mai Doro ta riga ta san hanya. Tsininta ya dakushe daidai gwargwado, ba ya huda zaren saƙa, sai dai ya laluba tsakaninsu ya shige, ni kuwa ina jin kowane zare a yatsana ina ƙirgawa. Doron nan nata shi yake gaya mini inda bakinta ya dosa ba tare da na duba ba. Na gwada alluran kanti, farare, miƙaƙƙu, masu kaifi. Suna shiga duk inda suka ga dama, suna juyawa a hannu ba gaba ba baya, aska ta fito mini kamar lauje. Da ita kaɗai nake gani, wannan kowa a unguwarmu ya sani.

Aikin da ajali ya tarar da ita a kansa shi ne ya fi ci mini rai, dole in faɗe shi. Na tsufa ina yi wa mutane ado, ni ban taɓa mallakar riga mai aiki ba. Kullum sai in ce bari in gama ta wane. Huraira ce abin ya dama. Ta tara audugar gefen gonarmu, ta yi kaɗi da hannunta kaka bayan kaka, ta kai marina, ta kai wa masaƙi a Waca, ranar nan sai ga saƙi ta ajiye a gabana. Ta ce, "Malam, wannan ba ta kowa ba ce. In ka sayar da ita ban yafe ba. Ina so in gan ka a masallacin Idi, mutane su ce wa ya yi, a ce shi ne." Na ce to, na naɗe, na ajiye, na koma kan rigunan mutane. Tari ya ɗauke ta kafin in sa allura a ciki. Bana na ɗauko, na ce ko ba ta nan zan cika mata. Aska takwas na nufa. Bakwai sun tsaya cif, ta takwas ta kai rabi.

Ga yadda rasuwar ta auku. Al'adata ce, tun da ido ya tafi, in zan tashi daga aiki sai in soke Mai Doro daidai inda na tsaya, in naɗe rigar fuskar aikin a ciki, don in na dawo yatsana ya same ta in ci gaba. Ranar Talata na naɗe ta haka, na ɗora kan rigunan mutane biyu da na gama, na tafi gaisuwar rashin lafiya bayan gari. 'Yata Barakatu, da ke aure a Yekuwa, ta zo taya ni azumi. Ta sha jin ina cewa saura ƙiris. Ta ga riguna a naɗe wuri ɗaya, ta san Sambo ba ya karɓar aiki in salla ta matso, ta kwashe duka ta kai masa, tana murna za ta ba ni mamaki. Duk wanda ya san bugu ya san sauran: a yayyafa ruwa, a shimfiɗa riga a kan gungume, ƙarti biyu su sa sanduna masu nauyi su yi ta dukanta har ta yi sheƙi. Dim, dam, dim, dam. Cikin wannan ƙara marigayiya ta cika, ba wanda ya ji muryarta ta ƙarshe.

Sambo da kansa ya kawo ta, gutsure uku a cikin ganyen goro. Ya tsuguna a ƙofar zaure ya ce, "Malam Hudu, wallahi da na san tana ciki da hannuna zan sa a ƙarƙashin sandar." Ban ga laifinsa ba. Aikinsa ya yi, ya kuma yi shi da kyau, har ya wuce kyau. Rigar ta dawo tana walƙiya, saƙar ta haɗe ta toshe, zanen alli ya goge. Na shafa inda rabin askar ta tsaya, yatsana bai sami ƙofa ko ɗaya ba.

Marigayiya ta rasu ta bar yayarta basilla, mai ɗinkin buhun gero, wadda ba ta taɓa fahimtar aikin ƙanwarta ba. Da almakashi, abokin zamanta, wanda tun ranar bakinsa a buɗe yake. Da ɗan dunƙulen kakin zuma mai ɗauke da sawun zarenta. Da sauran zaren tsamiya kamar kamu biyu, wanda aka tsinto a kafarta. Ta bar 'ya'ya da jikoki a wuyan maza da yawa, waɗansu sun koɗe, waɗansu an ba ƙanne, waɗansu suna ƙasan adaka ana jiran salla. Ta kuma bar ni, tsoho mai hannu lafiyayye wanda ba shi da sauran abin yi da shi.

Ina godiya ga telan bakin tasha, mai sabon keken surfani, da ya aiko cewa in kawo rigar ya ƙarasa mini kafin a sha ruwa, kyauta. Yaron kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Amma Huraira ba cewa ta yi a tambaya a ce keke ne ba. Ina kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya riƙo mini allura. An riga an kawo guda huɗu, na karɓa don kunya, suna nan soke a jikin zana, duk mai bukata ya ɗauka.

Wata alfarma nake nema, ita ce ta fi duka. Barakatu tun ranar Talata ko an sha ruwa ba ta cin komai. Tana cewa, "Baba, ni na kashe ta, na kuma kashe rigar Inna." Na gaya mata ba haka ba ne, ba ta ji. Duk wanda ya shigo gidan nan ya fara gaishe ta kafin ni, kuma kada in ji an tambaye ta yadda aka yi. Yarinyar nan so ta yi ta ga ubanta ya yi kyau, abin da uwarta ta so ke nan.

Za a yi jana'iza ranar jajibirin salla, bayan la'asar, a gidana da ke bayan marina. Liman ya riga ya shaida mini ba a yi wa ƙarfe salla, na kuma yarda da shi, saboda haka ba sai an yi alwala ba. Za a naɗe marigayiya cikin ƙyallen saƙi, a haƙa mata rami mai zurfi a gindin garu, inda ƙafar yaro ba za ta kai ba. Barakatu ce za ta sa ta da hannunta, ni zan mayar da ƙasa. Ba zaman makoki, ba sadakar uku, kowa ya koma ya ji da tuwon sallarsa.

Washegari, in Allah ya kai mu, za ku gan ni a masallacin Idi cikin baƙin saƙi mai sheƙi, da aska bakwai da rabi a ƙirji. Ku duba da kyau, ba za a sake yin wata ba. Wanda ya tambaya wa ya yi, ku ce masa Hudu ne. Wanda ya tambaya me ya sa ba a gama ba, ku ce masa ya makara.